Kogi Ɗaya, Tsutsa Biyu: Haƙƙin Ƙirƙira da Kuɗin Magani a Kudancin Kano

Kogin Kano yana gangarowa ne daga duwatsun kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, sannan ya zube a tafkin Tiga, wanda madatsarsa ke cikin ƙaramar hukumar Bebeji. A can sama, musamman da damina, ruwan gudu yake yi bisa duwatsu yana kumfa. Da ya iso Tiga sai ya kwanta, domin tun 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare shi don noman rani a Kadawa da Kura. Akwai kuma tafkin Bagauda a nan Bebeji, sannan daga yamma, ba nisa da Kiru, ga madatsar Challawa da aka kammala a 1992.

Ga manazarcin halittu, wannan bambanci na ruwa mai gudu da ruwa kwantacce shi ne ya raba wa mutanen yankin cututtuka biyu. Ruwa mai gudu gida ne ga wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai ƙusumbi da masana ke kira Simulium damnosum, wanda cizonsa ke yaɗa tsutsar makantar kogi. Kwantaccen ruwa kuwa, na tafki da kududdufi da magudanan noman rani, gida ne ga dodon koɗin da ke renon tsutsar tsargiya, wato fitsarin jini. Kowace daga cikin cututtukan nan tana da magani mai ƙarfi. An gano magungunan biyu a shekarun 1970, kowanne kamfani ne ya mallake shi da takarda, kuma kowanne ta hanyarsa daban ya iso hannun talaka. Wanda ya bi tarihinsu zai fahimci abin da ake jayayya a kansa duk lokacin da ƙasashen duniya suka zauna kan batun haƙƙin ƙirƙira da cinikin magunguna.

Ma'anar haƙƙin ƙirƙira

Haƙƙin ƙirƙira ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya gano a rubuce, dalla-dalla, ta yadda duk masanin fannin zai iya maimaitawa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa yin abin ko sayar da shi ba da izninsa ba har tsawon wasu shekaru, bayan haka ya zama na kowa. Hikimar wannan tsari a fili take idan aka dubi abin da ke faruwa ga masu maganin gargajiya: da yawansu, saboda tsoron kada a raba su da abincinsu, sukan ɓoye sanin saiwa da sassaƙe har su koma ga Allah da shi.

Kamfanonin magunguna suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi. Sabon magani yakan ɗauki shekara goma zuwa sha biyar kafin ya fito kasuwa, kuma daga cikin goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, wajen tara sukan faɗi a hanya. Sarrafa ƙwayar magani bayan an gano ta abu ne mai araha ƙwarai. Ganowar ce ke cin kuɗi. In da kowa zai kwafa washegarin fitowa, ba mai zuba jarinsa a bincike. Sai dai wannan kariya tana nufin mai magani shi kaɗai ne a kasuwa, shi ke yanka farashi, kuma zai yanka shi ne daidai da aljihun waɗanda suka fi kuɗi.

Tsargiya

Tsutsar da ke haddasa fitsarin jini ana kiranta Schistosoma haematobium. Idan mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na dangin Bulinus su shiga jikinsa. A can suke hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito dubbai, kowanne da wutsiya mai baki biyu, suna iyo. Ba sai an sha ruwan ba: yaron da ke wanka, da matar da ke wanki, da masunci, da manomin shinkafa da ya tsaya cikin laka, duk ta fata suke shigarsu. Su girma a cikin jijiyoyin jini, mace da namiji su manne da juna, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda za su yi shekaru suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Waɗanda suka huda bangon mafitsara su ne ke fita da jini; waɗanda suka maƙale kuwa su ne ainihin cutar, domin jiki yana kewaye su da tabo, har mafitsara ta ƙandare, hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta lalace, wani lokaci ma abin ya zama ciwon daji. A jikin mata ƙwayayen kan raunata mahaifa da al'aura. Saboda yawan cutar, a wurare da dama har ana ɗaukar jan fitsari alamar balagar yaro namiji. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu bukatar maganinta.

Kafin shekarun 1980 maganin tsargiya kansa azaba ne. Tun 1918 ake amfani da allurar wani sinadari mai guba, na dangin ƙarfen antimoni, wadda ake yi ta jijiya sau da yawa. A Masar, inda aka yi wa miliyoyin mutane ita da sirinjin da ba a tafasa sosai ba, allurar ce ta baza ciwon hanta nau'in C a ƙauyukan bakin Nilu.

A farkon shekarun 1970 kamfanoni biyu na Jamus, Merck na birnin Darmstadt da Bayer, suka gano firazikwantal, wanda ake rubuta sunansa Praziquantel a jikin kwalba. Aka yi masa rajistar haƙƙi a Jamus a 1973. Sha ɗaya ake yi masa, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Yana buɗe wata kafa a jikin tsutsar, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, tsokarta ta ɗaure, fatarta ta yayyage, sai garkuwar jiki ta ƙarasa ta. Sai a 2019 masana suka tantance ko wace kafa ce wannan, bayan an shafe shekara arba'in ana shan maganin. An fara sayar da shi ne don tsutsar cikin karnuka da kyanwoyi, sannan a wajejen 1980 aka fito da na mutane da sunan Biltricide. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 600 ana sayar da ita wajen dala ɗaya. Baligi mai kilo 60 yana bukatar huɗu, kuma tun da maganin ba ya hana sake kamuwa, baɗi ma sai ya sha. Ba ma'aikatar lafiya a Afirka da za ta iya sayen wannan don miliyoyin mutane, ballantana masunci a bakin Tiga.

Rijiya da ruwa

Sauƙin ya fito ne daga Koriya ta Kudu. Mutanen ƙasar suna fama da wata tsutsar hanta da ake ɗauka ta cin ɗanyen kifi, kuma firazikwantal na kashe ta. A lokacin, dokar Koriya ba ta ba da haƙƙi kan sinadarin magani kansa, sai kan hanyar da aka bi aka haɗa shi. Bambancin nan shi ne ƙashin bayan dukan maganar, saboda haka yana da kyau mai karatu ya riƙe shi. Mai haƙƙin hanya tamkar wanda ya haƙa rijiya ne: ba mai ɗiban ruwanta sai da yardarsa, amma maƙwabcinsa na iya haƙa tasa. Mai haƙƙin sinadari kuwa tamkar an mallaka masa ruwan ne gaba ɗaya, ko ta ina aka haƙo shi.

Wani kamfani mai suna Shin Poong, tare da cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta ƙasar, ya haƙa tasa rijiyar. A 1983 ya samar da sabuwar hanyar haɗa firazikwantal wadda ta fi ta Jamusawa araha, ya yi mata rajista. Wani kamfani a Masar ya karɓi lasisi daga gare shi a ƙarshen shekarun 1980. Kafin tsakiyar shekarun 1990 Shin Poong ya zama mafi girman mai sarrafa maganin a duniya, kuma da wa'adin haƙƙin Jamusawa ya ƙare, wasu kamfanoni a Sin da Indiya suka shigo. Farashin ƙwaya ya faɗo daga dala ɗaya zuwa ƙasa da santi goma. Wannan faɗuwa ce ta sa aka fara tunanin bin makarantu ana jera yara a jikin sandar awon tsawo ana ba su ƙwaya biyu ko uku, ba tare da an tsaya gwada fitsarin kowa ba, domin maganin ya fi gwajin araha.

A nan akwai gyara ga wata fahimta da ta yaɗu. Irin maganin Shin Poong, wanda wani kamfani ke sarrafawa bisa doka da sinadari iri ɗaya da na mai asali, shi ake kira maganin gama-gari. Ba shi da alaƙa da jabu. Jabu zamba ce, alli ko gari a cikin kwalin ƙarya. Hasali ma tsadar magani na gaskiya tana daga cikin abin da ke buɗe wa jabu kasuwa.

Kyautar Mectizan

Labarin ɗaya maganin ya bi wata hanya. Tsutsar makantar kogi, Onchocerca volvulus, takan dunƙule a ƙarƙashin fata ta zama ƙululu a ƙugu ko haƙarƙari, inda uwar ke rayuwa shekara goma zuwa sha biyar tana haifar 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ke yawo a fata suna haddasa ƙaiƙayin da ke hana barci, fata ta yi dabbare-dabbare, in kuma suka kai ido, mutuwarsu a ciki ta jawo tabo har gani ya tafi. A 1973 wani masanin Japan, Satoshi Omura, ya samo wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa da ya ɗebo kusa da wani filin wasan gwalf. Aka aika da ita ga kamfanin Merck na Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka fitar da aibamektin daga gare ta. (Merck na Amurka da Merck na Jamus asalinsu gida ɗaya ne, Yaƙin Duniya na Farko ne ya raba su.) A 1981 aka fito da shi don shanu da dawaki da tumaki, ya kuma zama ɗaya daga cikin magungunan dabbobi mafi kawo riba a duniya.

Da gwaji ya nuna yana kashe 'ya'yan tsutsar makantar kogi, kamfanin ya nemi mai saye a cikin gwamnatoci da hukumomin agaji, bai samu ba. A watan Oktoba na 1987 shugabansa, Roy Vagelos, ya ba da sanarwar za a bayar da shi kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata har iya lokacin da ake bukata. Alkawari ne mai nauyi, domin maganin ba ya kashe uwar tsutsa. Sai an yi ta sha kowace shekara har ta mutu don tsufa. Daga 1995 shirin Afirka na yaƙi da cutar, APOC, ya ɗora rabon a wuyan jama'a: kowane ƙauye ya zaɓi mutanensa masu bi gida-gida da sandar awo da littafin rajista. Tudun Wada da Doguwa suna cikin yankunan Jihar Kano da aka shafe shekaru ana wannan rabo. Amfaninsa ya bayyana: a 2018 aka daina rabon a jihohin Filato da Nasarawa saboda yaɗuwar cutar ta tsaya, a watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da ita. Omura da Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015.

Wannan aiki ya cancanci yabo ba tare da ƙwauro ba. Amma akwai abin lura guda: magungunan nan biyu duk ta ƙofar likitan dabbobi suka shigo. Kare da saniyar mai kuɗi ne suka biya kuɗin binciken da ya ceci idon manomi. Wani nazari da aka buga a 2002 ya ƙidaya sababbin magunguna 1,393 da suka fito tsakanin 1975 da 1999, ya tarar 16 kacal ne na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. Haƙƙin ƙirƙira yana jan bincike ne zuwa inda ake da kuɗin saye, saboda haka cutar da masu ita matalauta ne zalla ba ta da mai nema mata magani, ko da za a ba da kariyar shekara ɗari.

Marakesh, 1994

Ƙofar da Shin Poong ya bi an rufe ta. Koriya da kanta ta sauya dokarta a 1987 bisa matsin lambar Amurka. A daidai lokacin, manyan kamfanonin Amurka, ciki har da Pfizer a ƙarƙashin shugabansa Edmund Pratt, suka dage sai an shigar da haƙƙin ƙirƙira cikin tattaunawar cinikin duniya. Sakamakon shi ne yarjejeniyar TRIPS, wadda aka sa wa hannu a Marakesh ta Maroko a watan Afrilu na 1994, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1995, tare da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ta wajabta wa kowace ƙasa mamba ta ba da haƙƙi kan sinadari da kan hanya duka biyu, na tsawon shekara 20 daga ranar neman rajista. An ba ƙasashe irin su Indiya wa'adi zuwa 2005, ƙasashe mafi talauci kuma daga baya aka ɗaga musu ƙafa kan magunguna zuwa 2033. Nijeriya ba ta cikin wannan rukuni na ƙarshe.

Tarihi yana da abin cewa a nan. Jamus ba ta fara ba da haƙƙi kan sinadarin magani ba sai 1968, Japan 1976, Suwizalan 1977, Italiya 1978, Sifaniya kuwa sai 1992. Wato kowaccensu sai da masana'antarta ta yi ƙwari ta hanyar kwaikwayo sannan ta ɗaure kanta. Tsanin da suka taka suka hau, shi aka janye wa na baya.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Nijeriya, tun da dokarta ta 1970 dama tana ba da haƙƙin shekara 20 kan sinadari? Amsar ita ce, wajen kashi 70 cikin ɗari na magungunan da ake sha a ƙasar daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin, kuma masana'antun cikin gida ma daga can suke sayo sinadarin. Saboda haka farashin da ake biya a kemis a Kwanar Dangora ko kasuwar Tudun Wada ya fi rataya a kan dokar Indiya fiye da dokar Abuja. Dokar Indiya ta 1970, irin ta Koriya, hanya kawai take karewa, kuma ita ce ta mai da ƙasar kantin maganin matalautan duniya.

Cutar ƙanjamau ce ta fito da wannan fili. A shekarar 2000 haɗin magunguna uku da ke riƙe ran mai cutar yana cin sama da dala 10,000 a shekara. A watan Fabrairu na 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin irinsa a kan dala 350, ƙasa da dala ɗaya a rana, abin da ya yiwu don wa'adin Indiya bai cika ba. A watan Afrilu kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan dokarta ta sauƙaƙa shigo da magani suka janye ƙararsu saboda tofin Allah-tsine daga ko'ina. Da magungunan Indiya Nijeriya ta buɗe shirinta na farko a 2002, wanda aka tsara don manya 10,000 da yara 5,000. A watan Nuwamba na 2001, a Doha ta Katar, Ƙungiyar Ciniki ta amince cewa TRIPS ba ta hana ƙasa kare lafiyar jama'arta, kuma kowace ƙasa tana da ikon ba da lasisin dole, wato ta ba wani kamfani iznin yin magani ba da yardar mai haƙƙi ba, a biya shi lada daidai gwargwado. Tailan ta yi amfani da wannan iko a 2006 da 2007, Birazil ma a 2007. Dokar Nijeriya ta 1970 tana ɗauke da irin wannan tanadi, har da ikon minista na ba da izni don amfanin gwamnati.

Sai dai lasisin dole bai da amfani ga ƙasar da ba ta da masana'antar da za ta yi maganin. An ƙirƙiro tsari a 2003 don wata ƙasa ta yi wa wata, aka shigar da shi cikin yarjejeniyar a 2017, amma saboda sarƙaƙiyarsa, tsakanin 2003 da 2020 sau ɗaya tak aka bi shi, lokacin da wani kamfanin Kanada ya aika wa Ruwanda maganin ƙanjamau. A zamanin korona ma, Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine haƙƙoƙin a watan Oktoba na 2020, amma sai Yunin 2022, a ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala, aka cim ma wata ƙwarya-ƙwaryar matsaya kan allurar riga-kafi kaɗai, bayan annobar ta riga ta yi ɓarnarta.

Ina adalci yake?

Malaman Musulunci sun duba mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a ci ta. Amma fiƙihun da ya kare dukiya shi ne ya hana ɓoye abin da mutane ke matsananciyar bukata don a tsawwala, ya ba shugaba ikon tilasta sayarwa da farashin da ya dace, ya kuma sa kiyaye rai gaba da kiyaye dukiya. Lasisin dole bai yi nisa da wannan ba: ba a ƙwace wa mai ƙirƙira ladansa, abin da aka hana shi kawai shi ne ya tsaya a bakin rijiya ya ce ba mai sha.

Ita kuwa kyauta, duk alherinta, tana da iyaka da ba a cika faɗa ba. Tun 2007 Merck na Jamus yake ba Hukumar Lafiya ta Duniya firazikwantal kyauta, a 2012 kuma ya ɗaga alkawarinsa zuwa ƙwaya miliyan 250 a shekara. Wannan zai ishi yara wajen miliyan 100, alhali masu bukata a duniya sun kai wajen miliyan 250. Don haka aka fi karkata kyautar ga yara masu shekarun makaranta. Masunci da manomin rani, waɗanda suka fi kowa daɗewa cikin ruwa, galibi sai dai su saya, kuma abin da ya sa suke iya saye shi ne gasar da ta fara a Koriya a 1983. Ƙananan yara ma an daɗe ba su da rabo, domin ƙwayar babba ce mai ɗaci. Sabon nau'in da ke narkewa a baki ya sami amincewar hukumar magunguna ta Turai a Disamban 2023, kuma an tsara sayar da shi ne a kan kuɗin sarrafawa, ba kyauta ba. Bugu da ƙari, kyautar ƙwaya ba ta haɗa da man babur da zai kai ta ƙauyukan bayan Falgore ba. A 2025, da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, rabon irin waɗannan magunguna ya tsaya a ƙasashe da dama alhali suna jibge a ɗakunan ajiya. Mai ci da hannun wani ba shi ke zaɓen lokacin cin abinci ba.

Kada kuma a ɗora wa haƙƙin ƙirƙira laifin da ba nasa ba. Mafi yawan magungunan da ke jerin muhimmai na Hukumar Lafiya ta Duniya wa'adin haƙƙinsu ya daɗe da ƙarewa, amma duk da haka ana rasa su a ƙananan asibitocin karkara. Faɗuwar darajar naira, da tsadar sufuri, da kasancewar sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci suke fita, waɗannan duk na gida ne. Haka nan dokar 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko abin da aka kawo sabo ne da gaske ba. Cikar takardu kawai yake dubawa. Indiya, da ta gyara dokarta a 2005, ta sa sharaɗin cewa ɗan sauyi a tsohon magani ba ya samun sabon haƙƙi sai ya ƙara warkarwa, kuma kotun ƙolinta ta tabbatar da haka a 2013 a shari'ar Novartis. TRIPS ba ta hana Nijeriya yin irin wannan gyara ba.

Idan mai ƙirƙirar na gida ne

Sikila ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado a cikin ɓargo, aka yanka masa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ba irin abin da wani Shin Poong zai kwafa cikin shekara biyu ba ne, ko da doka ta bari, domin aiki ne na asibiti mai manyan na'urori, ga tarin haƙƙoƙi a kan kowane mataki.

Tun kafin wannan, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta yi aiki da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, a kan wani haɗi nasa mai rage yawan tashin ciwon sikila. Abubuwa huɗu ne a ciki, uku daga cikinsu sanannu ne a kowace kasuwar ƙasar Hausa: masoro, da kanumfari, da jan ganyen dawa irin na karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Aka sa masa suna Niprisan, aka yi masa rajista a Amurka a 1998 da sunan mai maganin cikin masu ƙirƙira, aka kuma rubuta masa rabonsa na riba, abin da ba a saba gani ba. A 2002 aka ba kamfani guda, Xechem, lasisin sarrafa shi shi kaɗai. Ya fito kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kantuna, masu sikila suka koma gidan jiya. Sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker sabon lasisi. Haƙƙin na Nijeriya ne, mai ƙirƙirar ɗan ƙasa ne, amma da aka damƙa shi a hannu ɗaya, faɗuwar wannan hannu ta isa ta yanke magani shekaru.

Darasin ya shafi kudancin Kano kai tsaye, domin dajin Falgore da duwatsun Riruwai suna daga cikin wuraren da masu maganin gargajiya da Fulani makiyaya ke da sanin itatuwa mai zurfi, kuma ɗalibai da malaman jami'o'i sukan tattara irin wannan sani su buga. Abin da aka buga ya fita daga hannun mai shi, kowa na iya ɗora bincike a kansa ya yi rajista a wata ƙasa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi neman yardar al'umma da raba amfani da ita kafin a ɗauki tsiro ko saninsa. A watan Mayu na 2024 kuma ƙasashe suka amince a Janiba da wata sabuwar yarjejeniya da ke wajabta wa mai neman haƙƙi ya bayyana ƙasar da ya samo tsiron da al'ummar da ta ba shi sanin. An shar'anta sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki.